Gadon Sekuritate: Yadda Romaniya Ta Yi Fama da 'Yan Sandan Cikinta



Ranar 25 ga watan Disamba na shekarar 1989, a wani barikin soja da ke garin Tirgobishte na ƙasar Romaniya, bayan wata shari'a ta gaggawa wadda ba ta wuce kimanin sa'a guda ba, aka fito da Nikolai Cawushesku da matarsa Elena aka tsayar da su jikin garu aka harbe. Mutanen ƙasar kuwa, waɗanda suka shekara 24 suna ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa, ga yunwa ga sanyi ga duhu, da suka ga gawarsa a talabijin sai suka yi ajiyar zuciya, da yawansu suna zaton tun da an kau da azzalumi, to zalunci ma ya kau. Sai dai mutum ɗaya, kome ƙarfinsa, ba ya danne mutum miliyan 23 da hannuwansa biyu. Lalle sai da waɗansu hannuwa, da idanu, da kunnuwa, masu yi masa aiki dare da rana, su kuwa waɗannan ba wanda ya tsayar da su jikin garu, gari ya waye musu suna nan da ransu, makullan ofisoshinsu a aljihu, asiran jama'a a cikinsu. Su ne 'yan sandan cikin da ake kira Sekuritate. Abin da za mu duba yau shi ne yadda Romaniya ta yi da wannan gado, domin cikin ƙasashen gabashin Turai da suka fita daga mulkin gurguzu, a ganina, babu inda wahalar gyaran hukumar leƙen asiri ta fito fili kamar can.

An kafa Sekuritate a watan Agusta na 1948, bisa tsarin da mashawarta daga Tarayyar Sobiyet suka shimfiɗa, shugabanta na farko ma, Geworge Pintiliye, tun asali ɗan leƙen asirin Mosko ne. Shekarunta na farko na kame ne da azaba tsirara, har ya kai a kurkukun Piteshti, tsakanin 1949 da 1951, aka riƙa tilasta wa ɗalibai fursunoni su azabtar da 'yan'uwansu da sunan gyaran hali. Amma bayan an saki galibin fursunonin siyasa a 1964, Cawushesku kuma ya hau a shekarar da ta biyo, sai salo ya sake: maimakon a cika kurkuku da mutane, sai aka cika zukatansu da tsoro. Ma'aikatan hukumar na dindindin a ƙarshen 1989 wajen 14,000 ne. Ƙarfinta na gaskiya yana ga 'yan rahoto, waɗanda sunayensu a cikin kundaye suka kai ɗaruruwan dubbai, wani kwaɗayi ne ya kai shi, wani kuwa kama shi aka yi da ɗan laifi ko wani abin kunya aka ce ko ya sa hannu ko a tona, kowa da sunan ɓoye da aka laƙaba masa da jami'in da yake kai wa labari. Don ku ga iyakar inda abin ya kai, a 1983 aka yi doka cewa duk mai tafireta sai da izinin 'yan sanda zai ajiye ta a gidansa, kuma shekara-shekara sai ya miƙa musu takarda wadda ya buga haruffanta da lambobinta kaf a kai, domin ran da aka tsinci wata takardar sukar gwamnati a bakin titi, a duba harafin da ya ɗan karkace ko wanda ya ɗan goge, a san daga ɗakin wa ta fito.

Kada kuma a yi zaton duka da kisa sun ƙare. Akwai wani injiniya mai suna Geworge Ursu, wanda ya aika wasiƙu zuwa gidan rediyon Turai Mai 'Yanci yana kokawa da yadda aka dakatar da ƙarfafa gine-ginen Bukares bayan girgizar ƙasa ta 1977, yana kuma da littafin da yake rubuta abin da ke ransa kullum. Abokan aikinsa suka kai rahoton littafin, aka kama shi a 1985 bisa zargin mallakar waɗansu 'yan kuɗin ƙasashen waje da ba su taka kara sun karya ba, aka yi ta dukansa a tsare har ya cika a watan Nuwamba na wannan shekara. Ku riƙe sunansa, za mu komo gare shi.

To, a nan ne mas'alar take da wuya, wanda kuma ya ce mai sauƙi ce bai dube ta da kyau ba. Malamanmu sun daɗe da bayyana haramcin tajassusi, watau bin diddigin al'aurar mutane da leƙa abin da suka rufe wa ƙofa. Amma su ɗin dai ba su hana shugaba ya aika masu leƙo masa labarin abokan gaba ba, domin daular da ba ta san abin da ake ƙulla mata ba ta yi sakaci da amanar rayukan talakawanta. Ayyuka biyu ke nan masu kama da juna a zahiri, ɗaya wajibi ɗaya haram, kayan aikinsu ɗaya, ƙwarewar da suke bukata ɗaya. Abin da ya raba su kawai shi ne wa ake leƙa, da izinin wa, kuma wa ke da ikon tuhumar mai leƙen idan ya ƙetare haddi. Sabuwar gwamnatin da ta gaji irin Sekuritate tana kama da mutumin da ya gaji gida tare da karen da tsohon maigida ya hora a kan cizon 'yan gida: in ya kore shi, ɓarayi suna nan bayan danga, shi karen ma ya san kowace kafa ta shiga, in kuwa ya bar shi, 'ya'yansa ba za su runtsa ba.

Maƙwabtan Romaniya kowa da yadda ya ɓullo wa abin. A Jamus ta Gabas, da mutanen garin Erfurt suka ga hayaƙi yana tashi daga ofishin Stasi, hukumar 'yan sandan cikinsu, ranar 4 ga Disamba 1989, suka gane takardu ake ƙonawa, sai suka mamaye ginin suka rufe ɗakunan ajiya. Ranar 15 ga Janairu 1990 aka yi haka a babbar hedkwata ta Balin. Aka rushe hukumar ɗungum da ma'aikatanta 91,000, kuma daga Janairun 1992 kowane ɗan ƙasa ya sami damar ya je ya karanta abin da aka rubuta a kansa. Amma a yi adalci, Jamusawa sun sami sauƙin da wani bai samu ba, tun da haɗewa da Jamus ta Yamma ta ba su hukumar leƙen asiri shiryayyiya, ba su bukaci ko mutum ɗaya daga tsofaffin ba. Cekoslobakiya ta rushe tata a Fabrairun 1990, sa'an nan a Oktoban 1991 ta yi dokar tacewa wadda ta hana tsofaffin jami'ai da 'yan rahoto riƙe manyan muƙamai. A Polan kuwa kwamitoci aka kafa na tantancewa, jami'ai wajen 14,000 suka gabatar da kansu, kimanin 10,000 suka tsallake. Kowace hanya cikin waɗannan da aibinta, an zalunci waɗansu, waɗansu masu laifi sun sulale. Amma dukansu, kafin ƙarfe ya huce, sun shata wata iyaka tsakanin jiya da yau wadda talaka zai iya nunawa da yatsa.

Romaniya ba ta shata wannan iyaka ba, sababin haka kuwa yana cikin yadda juyin nata ya gudana. Daga ranar 22 ga Disamba 1989, da Cawushesku ya tsere a jirgi mai saukar ungulu daga saman ginin jam'iyya, aka shiga harbe-harbe a Bukares da waɗansu garuruwa, ana ta shela cewa 'yan ta'adda masu biyayya ga tsohon shugaba ne suke harbi. Cikin mutum fiye da 1,000 da suka rasu a juyin, mafi yawa bayan tserewarsa suka rasu, kuma bayan shekara 30 masu gabatar da ƙara na soja suka ce ruɗani ne da aka haddasa da gangan. Cikin wannan hayaniya mulki ya faɗa hannun Iyon Iliyesku, wanda tsohon jigo ne a jam'iyyar gurguzu, da mutanensa. Ranar 26 ga wata suka sa Sekuritate ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ranar 30 suka ce an rushe ta, aka kama shugabanta Janar Yuliyan Bilad da 'yan tsirarun manya. Sauran jami'ai kuwa, da gine-gine, da na'urorin satar sauraron waya, da kundayen asiran mutane, duk suka zauna a hannun hukuma, ba wani ɗan ƙasa da ya tsaya a bakin ƙofa ya ga abin da ake shiga da shi ko ake fita da shi. Mutanen Timishwara, garin da juyin ya faro, sun hango haɗarin, domin a sanarwar da suka karanta ranar 11 ga Maris 1990, batu na takwas ya nemi a hana tsofaffin jiga-jigan jam'iyya da jami'an Sekuritate tsayawa takara har wa'adin majalisa uku a jere. Da an karɓi wannan, da Iliyesku kansa bai tsaya ba. Saboda haka ba a karɓa ba.

Ana nan, bayan 'yan kwanaki, sai rikici ya ɓarke tsakanin Romaniyawa da 'yan ƙabilar Hangare a garin Tirgu Muresh, aka rasa rayuka, ɗaruruwa suka jikkata, kuma ba a yi mako guda ba, ranar 26 ga Maris, aka fito da dokar kafa sabuwar hukumar leƙen asirin cikin gida mai suna SRI, da hujjar cewa ƙasa ba za ta zauna babu ido ba. Hujjar a kan kanta ba ƙarya ba ce. Illa dai waɗanda aka cika sabuwar hukumar da su galibinsu mutanen jiya ne, a ofisoshin jiya, kuma aka danƙa musu kundayen jiya. Shugaban da aka naɗa mata, Birjil Magureyanu, malami a makarantar horar da 'yan jam'iyya, wanda aka gani zaune a ɗakin shari'ar Cawushesku, ya riƙe ta shekara bakwai, daga baya kuma ta bayyana shi ma ya taɓa yi wa Sekuritate aiki. Bayan ita waɗansu hukumomin suka yi ta tsirowa, ta ƙasashen waje daban, ta ma'aikatar cikin gida daban, ta tsaron shugabanni daban, kowace ta ɗebi rabonta daga tsofaffin ma'aikata. An dai sake wa tuwo suna. A watan Yuni na 1990 aka kwaso leburorin haƙar kwal daga kwarin Jiyu a jiragen ƙasa, suka shigo Bukares da kulake suka far wa ɗalibai da ofisoshin jam'iyyun adawa, Iliyesku ya fito ya yi musu godiya. Sai a 2017 aka gurfanar da shi gaban kotu, shi da Magureyanu da waɗansu, a kan wannan ta'asa, shari'ar kuwa ta yi ta jan ƙafa har Iliyesku ya rasu a 2025 ba a yanke hukunci ba.

A watan Mayu na 1991 waɗansu 'yan jarida na jaridar Romaniya Libera, bisa jagorancin Petre Mihai Bakanu, wanda shi kansa Sekuritate ta taɓa ɗaurewa, suka bi wani labari zuwa wani kwazazzabo kusa da ƙauyen Bereboyeshti. Suka tona, sai ga takardu tuli, waɗansu wuta ta cinye gefensu, waɗansu ruwa da laka sun manne su, an kwaso su da mota an cinna musu wuta an binne saura. Suka riƙa ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya suna shanyawa suna karantawa: ga rahoton wane a kan wane, ga maganganun da aka naɗa daga waya. Abin da ya fi tada hankali shi ne ba takardun zamanin Cawushesku kaɗai ba ne, har da waɗanda aka rubuta bayan juyin, masu nuna cewa ana nan ana sa wa 'yan adawa ido kamar yadda aka saba. Hukumar ta amsa cewa jami'anta ne suka yi, ta sallami waɗansu, magana ta mutu.

Ni dai a nawa nazarin, kundayen nan su ne zuciyar al'amarin duka, sun fi batun wa aka kora wa aka bari muhimmanci. Domin kuwa a ƙasar da ɗaruruwan dubban mutane suka taɓa sa hannu a takardar zama ɗan rahoto, kuma ba wanda ya san wa da wa ke ciki sai hukuma guda, to duk ɗan majalisa, ko alƙali, ko editan jarida, ko babban limamin coci da ke da tabo a baya ya zama kamamme a hannun mai riƙe da makulli. Ba sai an tsorata shi da baki ba, ya ishe shi ya san cewa an sani. Ta haka sirri ya zama kuɗi, ana sayen shiru da shi, ana biyan bashi da shi. Jaridu irin su Romaniya Mare ta Korneliyu Badim Tudor suka riƙa fito da gutsattsarin fayilolin abokan hamayya a daidai lokacin da ake bukatar a ɓata su. Tsofaffin jami'an da suka san hanyoyin cinikin ƙasashen waje da asusun ajiya na ɓoye kuwa, da aka zo sayar da kamfanonin gwamnati, da yawansu ne a sahun gaba, suka wayi gari attajirai.

Ga kuma wata illa ta biyu, wadda masu ɗokin a buɗe kome a tona kowa sukan manta: abin da ke cikin kundi ba wahayi ba ne. Rubutu ne na jami'in da yake son ya burge na gaba da shi, bisa labarin ɗan rahoton da aka tsorata ko aka saya. A ma'aunin malaman fiƙihu kuwa, shaidar wanda aka tilasta da labarin wanda ba adali ba, ba a gina hukunci a kansu sai an yi bincike. Ku dubi abin da ya sami Awrel Rotaru, wani lauya da 'yan gurguzu suka ɗaure a 1948 saboda ya rubuta wasiƙun neman 'yancin faɗar albarkacin baki. Da mulkinsu ya faɗi ya je kotu neman haƙƙin da doka ta tanadar wa waɗanda aka zalunta, sai aka gabatar wa alƙali wata wasiƙa daga SRI, wadda aka tsamo daga tsohon kundin Sekuritate, mai cewa wai a 1937 shi ɗan wata ƙungiya ce mai aƙida irin ta 'yan Nazi. Dattijo ya yi ta rantsuwa yana yawon kotuna, ba shi da ikon ganin kundin, ba shi da hanyar gyara shi. Sai a 1997 hukumar ta amsa cewa wani mutum ne daban mai suna irin nasa. A watan Mayu na 2000 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa Romaniya ta keta haƙƙinsa, domin dokarta ba ta fayyace irin bayanan da za a iya tarawa a kan mutum ba, ko tsawon lokacin da za a ajiye su, ko wanda zai sa ido a kan masu ajiyar. Marubuciya Herta Muller, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009, ita ma da ta sami nata fayil ta tarar an zare sassa daga ciki, ta kuma ga yadda aka shirya baza jita-jitar cewa ita ce 'yar rahoton, don a raba ta da abokanta.

Dokoki fa an yi su: ta tsaron ƙasa a 1991, ta SRI a 1992, kwamitin majalisa mai sa mata ido a 1993. Amma ko kwamitin yana aiki, labarin Kyaftin Konstantin Bukur ya isa amsa. Shi ma'aikaci ne a sashen sauraron waya, ya lura ana naɗar maganganun 'yan jarida da 'yan siyasa da 'yan kasuwa ba tare da cikakken izini ba. Ya faɗa wa shugabansa aka tsawata masa. Ya je wurin wani ɗan kwamitin majalisar, shi kuwa ya nuna masa cewa kai ƙara ga kwamitin ɓata lokaci ne, saboda kusancin shugaban kwamitin da shugaban hukumar. A watan Mayu na 1996 Bukur ya kira 'yan jarida ya ajiye musu kaset-kaset a kan tebur. Sakamakonsa shi ne kora daga aiki, da hukuncin ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka daga kotun soja. Sai a 2013, bayan shekara 17, kotun Turai ta wanke shi. Hukumar da take hukunta mai tona ɓarna ta bar mai yin ta, ta koya wa duk sauran ma'aikatanta darasin da ba za su manta ba.

Wanda ya dage a kan batun kundaye har ya ci wani abu shi ne Sanata Konstantin Tiku Dumitresku, tsohon fursunan siyasa, wanda ya yi shekaru yana fama da majalisa kafin a zartar da dokarsa a ƙarshen 1999, bayan an rage mata kaifi ƙwarai. Ita ta kafa majalisar nazarin kundayen Sekuritate, CNSAS, ta kuma ba kowa damar neman fayil ɗinsa. Amma kundayen suna hannun SRI, ita ke zaɓen abin da za ta miƙa, duk wanda ta ga dama ta ce ya shafi tsaron ƙasa ta riƙe. Sai daga 2005, zamanin Shugaba Tarayan Basesku, aka kwashe fayiloli fiye da miliyan guda aka kai wa CNSAS. Shekara 15 ke nan da ɗoriya bayan juyin, lokacin da ya ishi mai son zare takarda ya zare, mai son cin moriyarta ya ci. Da aka buɗe kuma sai adalcin ya zo a karkace: ƙananan 'yan rahoto, waɗanda da yawansu aka tilasta tun suna samari, su aka yi ta tonawa ana kunyatawa, alhali jami'an da suka tilasta su suna gida suna karɓar fansho mai tsoka, wanda ya fi na mutanen da suka ɗaure. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne nadama, da barin laifin, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Ban ga yadda al'umma za ta yafe abin da masu shi ba su ma amsa sun aikata ba. Basesku ya tsaya gaban majalisa a Disamban 2006 ya la'anci mulkin gurguzu da cewa haramtacce ne kuma na masu laifi, wannan kuwa abin a yaba ne. Amma shi ɗin ma kotu ta tabbatar a 2019, kotun ƙoli ta jaddada a 2022, cewa ya taɓa kai wa Sekuritate rahoto da sunan ɓoye Petrob. A shari'ar Geworge Ursu kuwa, wadda ɗansa ya yi shekaru yana bi har da yajin cin abinci, kotun ƙoli ta sallami tsofaffin jami'ai biyu da ake tuhuma a watan Yuli na 2023.

Ba zan zalunci Romaniya in ce ba a gyara kome ba. An gyara, kuma babban abin da ya tura gyaran daga waje ya zo: ƙasar tana ɗokin shiga ƙungiyar tsaro ta NATO da Tarayyar Turai, su kuwa suka nuna ba za su raba asiransu da mutanen da aka horar a kan leƙensu ba. Kafin shiga NATO a 2004 da Tarayyar Turai a 2007 an yi wa tsofaffi da yawa ritaya, an ɗauki matasa waɗanda ba su san zamanin da ba, shugabancin hukumar ya koma hannun farar hula da majalisa ke amincewa da su. Yau ba a ɗauke mutum da tsakar dare saboda abin da ya rubuta a littafinsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san jiya. Sai dai matsin waje yana da iyaka, domin abin da abokan ƙawance suka fi damuwa da shi shi ne hukumar ta iya aiki kuma ta riƙe musu amana, ba lalle ta riƙe wa talakan Romaniya ba. Shaida kuwa ita ce hukuncin da kotun Turai ta yanke a 2018, cewa Romaniya ta bari hukumar CIA ta Amurka ta buɗe kurkukun sirri a ƙasarta, inda aka tsare wani ɗan Saudiyya mai suna Abdurrahim al-Nashiri.

Fitina ta baya-bayan nan ma ta ƙofar alheri ta shigo. Da aka tashi yaƙi da cin hanci, wanda ƙasar take matuƙar bukata, sai aka shigar da rashawa cikin jerin abubuwan da ke barazana ga tsaron ƙasa, SRI ta zama ita ce kunnen masu gabatar da ƙara, tana naɗar musu wayoyin waɗanda ake zargi. Aka ɗaure ministoci, har da tsohon firayim minista, jama'a suka yi murna. Amma a 2016 kotun tsarin mulki ta ce ba aikin hukumar leƙen asiri ba ne ta riƙa tara hujjojin shari'ar laifuka, a 2018 kuma aka tona wata yarjejeniyar sirri ta 2009 tsakanin SRI da ofishin babban mai gabatar da ƙara, wadda wanda ake tuhuma da lauyansa ba su san da ita ba. Gaskiya ne cewa cikin masu ɗaga murya a kan wannan akwai ɓarayin da ke neman mafita. Amma mugun nufin mai magana ba ya mai da gaskiyar da ya faɗa ƙarya, kuma kyawun manufa ba ya halatta a yi shari'a bisa ƙa'idar da aka ɓoye wa wanda ake yi wa ita.

Har yanzu dokar 1991 da ta 1992, waɗanda aka rubuta lokacin da mutanen jiya suke riƙe da alƙalami, su ne ginshiƙin aikin, da 'yan kwaskwarima; ma'aikatan SRI har yanzu masu muƙaman soja ne. A 2022 wani daftarin sababbin dokoki ya fita ga 'yan jarida kafin lokacinsa, aka ga yana neman ƙara wa hukumomin iko, da wajabta wa 'yan ƙasa taimaka musu, da tsananta sharuɗɗan da za a cika kafin a binciki jami'ansu. Jama'a da ƙungiyoyi suka yi ca, aka janye jiki daga daftarin, amma ba a kawo wani a madadinsa mai ƙarfafa hannun majalisa da na alƙalai ba. Wannan aiki yana nan yana jiran majalisar Bukares.